Ɗakin da na rufa a bakin Komadugu

Ni kafinta ne, kuma yawancin aikina a Diffa rufin kwano ne. Iyayena mutanen Damagaram ne, fatauci ya kawo su nan tun ina goye. Ƴan'uwana duk suna kasuwa a bakin shaguna, ni kaɗai na ɗauki guduma. Na rufa ɗakunan da ban san iyakarsu ba, daga cikin gari har Gagamari, amma labarin guda ɗaya nake so in bayar, ɗakin wani abokina manomin tattasai.

Babarbare ne, dogo, mai faɗin kafaɗa da babbar murya. Mun saba ne tun lokacin da na yi masa akwatin katako na ajiye injin ban ruwa, wanda muke kira motopom. Shekarar da tashin hankali ya kori mutanen bakin kogi, ya bar garinsu da matarsa da tsohuwar mahaifiyarsa a kan jaki, suka yi shekaru a sansanin ƴan gudun hijira na Assaga cikin bukkar zana da bash, wato tamfol. Da abubuwa suka ɗan lafa, ya samu fili a wani ƙaramin ƙauye da ke gindin tudun yashi, kusa da fadamar da yake noma. Da hannunsa ya buga tubali duk tsawon rani, ya ɗaga bango. Kwano kuwa ɗaiɗai ya riƙa tarawa, har damina ta yi nisa kafin ya cika.

Wata safiya ya same ni a wurin aiki, ya tsaya a kaina ya tare mini rana.

"Kafinta, tsohuwa ya gaji da bash. Ka zo ka rufa masa ɗaki."

Haka Hausarsa take, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Nan gaba zan rubuta maganarsa yadda yake nufi, don kada a rikice.

Muka tafi a amalanken shanunsa, domin a lokacin an hana hawa moto, wato babur, a yankin. Ranar farko na kafa katako. Rana ta biyu na hau da kwano tun da hantsi, shi yana miƙo mini daga ƙasa. Ban taɓa jin zafi irin na ranar ba a tsakiyar damina. Iska ta ɗauke ɗif, ko ganye ba ya motsi, kwanon yana ƙona ni ta cikin wando. Tsohuwar tana zaune a gindin aduwa tana kallon aikin. Ƴar ƙaramar mace ce, duk ta shanye, ba ta iya tafiya sai da sanda, kuma ba ta jin Hausa sosai. Duk saukowar da na yi shan ruwa sai ta ɗaga hannu ta yi mini sannu da Barbarci, ta ce, "Wushe, wushe, ɗana." Shi kuma "Ya" yake kiran ta, wato uwa, ni ma na bi bakinsa.

Bayan azahar saura falle uku kawai a gefen gabas. Na shimfiɗa su a kan katako, na danne da tubali biyu, sai matar abokina ta kira mu cin abinci. Na ce bari in buga su tukuna. Ta ce, "Malam, shinkafa za ta huce, kwano ba ya hucewa." Muka yi dariya, na sauko.

Muna cikin ci sai na ga awaki suna shigowa gari da gudu ba wanda ya koro su. Na ɗaga kai. Gabas ta yi ja kamar an watsa garin tattasai a sama, a bayan jan kuma wani baƙi ne mai kauri yana hauhawa. Iska mai sanyi ta buso sau ɗaya ta kwashe murfin kwanon abinci. Tsohuwar ta faɗi wata magana da Barbarci, abokina ya tsame hannunsa daga abinci bai ko lashe ba.

"A shigar da Ya sabon ɗaki," in ji shi. "Bukka ba za ta tsaya ba."

Ya ɗauke ta cak ya kai ta kusurwar arewa, matarsa ta bi da tabarma da bargo. Ni kuwa na nufi tsani da ƙusoshi a baki. Na taka mataki biyu ya fizgo ni ta rigata har na faɗo a kan gwiwa.

"Sauko! Ka haukace ne? Dubi can!"

Na duba inda yake nunawa. Na san guguwa, kowa ya san ta, waccan da ke tashi da rani tana juya shara a tsakiyar kasuwa. Wannan ba ita ba ce. Daga cikin girgijen wani baƙin abu ya sauko har ƙasa, kauri kamar rumbu goma a haɗe, yana murɗawa, yana tahowa ta kan tudu. Ƙararsa kamar kamiyo, manyan motocin kaya, masu yawa sun taso lokaci ɗaya. A jikinsa ina ganin zana da bash da rassan itace suna zagayawa, har da wani abu mai ƙafafu da na ɗauka tunkiya ce. Ya faɗa wa bukkokin ƙarshen gari, kafin in rufe baki babu su.

Abokina ya ruga wajen sansa na jan amalanke da ke ɗaure a gindin aduwa, don ya kwance shi kada itacen ya faɗo masa. Na kira shi, ni kaina ban ji muryata ba. Na kwanta rub da ciki na rungume ƙafar amalanke. Yashi ya cika mini baki da hanci, tsakuwa tana dukan bayana kamar ana jifa na, kunnuwana suka toshe. Na ɗan buɗe ido ɗaya. Fallayen nan uku su suka fara tashi, tubalin da na danne su da shi ya bi su kamar ba shi da nauyi. Sannan rufin gaba ɗaya ya ɗaga, da katakonsa da komai, ya tsaya a sama ɗan lokaci, ya kife, ya tsage. Na ji ƙusoshin da na buga da hannuna suna fita da wata irin ƙara mai tsinka zuciya. Kwano ya watsu ko'ina, yana shawagi yana walƙiya.

Falle ɗaya ya zo ƙasa-ƙasa yana juyawa, ya sami san a wuya. Dabbar ta durƙusa, jini ya yi tsartuwa har jikin itace. Wani fallen ya biyo baya. Abokina yana riƙe da igiya, ya ɗaga hannun dama ya kare fuskarsa. Na ga kwanon ya same shi, na ga ya juya sau ɗaya ya faɗi.

Duk abin nan bai kai tsawon raka'a biyu ba. Guguwar ta wuce ta nufi fadama, sai ruwa ya ɓarke a bayanta, ba ɗigo ba, kamar an kifar da randa. Aradu ta faɗi a kan wata goruba da ke bayan gida, kan itacen ya tarwatse, na ji ƙasa ta buge ni a ƙirji. Na rarrafa zuwa wajensa. Hannun ya tsage tun daga ƙasan gwiwar hannu har kusan wuyan hannu, naman ya buɗe, ina ganin farin ƙashi, jini na fitowa yana tsalle. Ruwan sama na wankewa, wani na fitowa.

"San," in ji shi. "A yanka san kada ya mutu mushe."

"Rufe mini baki da zancen sa!"

Na kwance igiyar da ke hannunsa na hagu, na naɗa a dantsensa, na zura ƙotar gudumata na murɗa. Ya yi ƙara, ya cije ni a kafaɗa ta cikin riga. Na ci gaba da murɗawa har jinin ya daina tsalle, na ɗaure ƙotar da guntun rigata. Har yau shaidar haƙoransa tana nan a kafaɗata.

Matarsa ta fito daga ɗakin da gudu, goshinta a fashe, jini ya rufe mata ido ɗaya. Da ta ga hannun sai ta ɗora hannu biyu a ka. Ya daka mata tsawa.

"Ina Ya?"

"Tana ciki, lafiyarta lau. Na rufe ta da tabarma."

Muka dubi juna. Bukkarsu ta tafi, babu ko sanda ɗaya a inda take. Ɗakin ba rufi, amma bangonsa huɗu suna tsaye suna tare iska. Na ce a bar ta a can tukuna har ruwa ya tsagaita. Ni na faɗi wannan magana, su biyun suka yarda. Muka ja shi zuwa ƙarƙashin amalanke, matar ta tallafi kansa.

Mu mutanen bakin kogin Komadugu mun san ambaliyarsa. Takan zo ne bayan damina ta ɗauke, a hankali, labarinta ya riga ta isowa daga garuruwan da ke sama, mutane su cika buhuna da yashi su yi jira. Shi ya sa duk mai tsoron ruwa a wajenmu kudu yake kallo, wajen kogi. Wannan ruwan ta bayanmu ya zo. Ashe ƙauyen a bakin wani tsohon kwari aka kafa shi, wanda yashi ya cike shekara da shekaru, baƙin da suka zauna a wurin ba su san da shi ba. Duk ruwan da ya zuba a kan tuddan arewa ya taru ya nemo tsohuwar hanyarsa.

Ƙararsa na fara ji, wani gurnani daban da na sama. Sai ihun mutane daga arewacin gari. Na leƙo daga ƙarƙashin amalanke na ga shi yana tahowa tsakanin gidaje, ja, mai kauri kamar kunu, yana turo ƙaya da tukwane da kaji da shingen wani gida ɗungurungum. Ya buge mu a ƙafa, kafin mu ɗaga abokina tsaye ya kai gwiwa. Amalanken ya juya ya tafi. Na ce wa matar ta riƙe mijinta a jikin aduwa, na nufi ɗakin.

Taku biyar ya rage mini in kai ƙofa. Bangon arewa, wanda ruwan sama ya jiƙa daga sama, na ƙasa kuma yana cin gindinsa, ya yi ciki kamar mai ruku'u, ya faɗa cikin ɗakin gaba ɗayansa. Bai yi wata babbar ƙara ba. Wani nishi kawai na ji, sai ruwan laka ya fantsamo ta ƙofa ya buge ni a fuska.

Abokina ya yi wata ƙara da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Ya saki itacen ya taho, ruwa ya kayar da shi, ya tashi, ya sake faɗuwa. Matarsa tana jan sa baya, yana ture ta da kafaɗa.

"Ku bar ni! Ku tono ta! Kafinta, ka tono mini uwata!"

Na shiga. Kusurwar da muka ajiye ta ta zama tulin tubali da laka, ruwa yana kwarara a kai ta inda bangon ya faɗi. Na fara tono da hannu. Tubalin ya jiƙe, in na kama sai ya narke a yatsuna, wanda bai narke ba kuma ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Matar ta shigo ta durƙusa kusa da ni, muna tono muna jefarwa baya, farcena biyu suka fita ban sani ba sai daga baya. Na taɓa gefen tabarma. Na bi ta da hannu cikin laka har na taɓa kunne. Muka buɗe fuskar. Bakinta cike da laka, na sa yatsa na kwashe, ta yi tari, ta buɗe ido.

"Tana da rai!" matar ta yi ihu. "Tana da rai!"

Amma daga ƙirji zuwa ƙasa wani babban ɓangaren bango ne ya danne ta, bai farfashe ba. Ramin da muka tona kuma ruwa yana cika shi. Na zura hannu ƙarƙashin ƙeyarta na ɗaga kanta, ruwan ya kai mata haɓa. Na ce wa matar ta fita ta kira duk wanda ta gani. Na zauna cikin laka ni da tsohuwar, fuskarta kusa da tawa, ruwa na hawa. Tana kallona, leɓɓanta na motsi, ban san ko addu'a take yi ko magana take mini ba. Da ruwan ya taɓa leɓenta na ƙasa na juya jikina na tare kwararar da bayana, itatuwa da tarkace suna buguna.

Matar ta dawo da wani maƙwabcinsu, Bafillatani mai kiwo, dattijo ne amma da sauran ƙarfinsa. Ya dubi wurin sau ɗaya, ya fita, ya dawo da ɗaya daga cikin katakan rufin da ya maƙale a aduwa. Ya zura shi ƙarƙashin bangon, ya sa turmi ya tokare, shi da matar suka hau ɗaya ƙarshen da dukan nauyinsu. Katakon ya lanƙwashe yana kuka. Bangon ya ɗaga kamar faɗin tafin hannu.

"Ja!" in ji dattijon. "Ja yanzu, ba zai daɗe ba!"

Na kama ta ta hammata na ja. Na ji wani abu ya goce a cikin jikinta, ta yi ƙara siririya, muka faɗa baya tare cikin ruwa. Katakon ya karye, bangon ya koma ya zauna. Da na ɗaga ta ba ta fi nauyin buhun ƙaiƙayi ba. Ƙafafunta suna lilo ta inda ƙafa ba ta lanƙwasawa.

Muka ɓalle ƙyauren ɗakin muka kwantar da ita a kai. Ni a gaba, dattijon a baya, muka ɗora a ka. Abokina ya dafa kafaɗar matarsa da hannunsa mai lafiya. Tudun bai fi jifa uku daga gidan ba, amma tsakaninmu da shi nan ne tsakiyar kwarin, ruwa ya kai ƙugu, yashi yana zamewa a ƙarƙashin ƙafa. Muna tsakiya wani gungumen itace ya taho ya bugi matar a cinya. Ta nutse, ta ɓullo can gaba, ruwa na juya ta. Ba ni da hannun kama ta, ƙyauren yana kaina. Abokina ne ya faɗa a kanta da jikinsa duka, ya cafko gashin kanta da hannun hagu, ruwa ya ja su tare har ya maka su a kan wani shingen ƙaya da ya toshe tsakanin itatuwa biyu. Ƙayar ce ta riƙe su. Wasu maza daga kan tudu suka riƙe hannun juna suka shigo suka fizgo su, jikinsu duk ya yayyage.

A kan tudun rabin gari ne a tsaye cikin ruwan sama, kowa yana kiran sunan nasa. Wata mata tana ta zagayawa da zanen goyo a hannu, babu ɗan. Wani mutum kwano ya cire masa rabin kunne, yana zaune yana kallon ƙasa. Muka sauke tsohuwar a gindin wata ƙaramar ƙaya, matan gari suka kewaye ta da zannuwansu. Abokina ya zauna kusa da kanta. Leɓɓansa sun yi fari, hannun ya kumbura ya yi baƙi a ƙasan igiyar, jikinsa na rawa.

Ruwan ya ɗauke kafin faɗuwar rana, farat ɗaya kamar yadda ya zo. Rana ta leƙo ta ƙarƙashin girgije, ta haska inda ƙauyen yake. Bangaye kaɗan ne a tsaye. Kwano ya naɗe a kan itatuwa kamar tsumma, dabbobi suna kwance cikin laka ƙafafu a sama.

Wani mai waya ya samu ya kira gari. Sojojin da ke tsaron shingen hanya suka zo da mota ɗaya, amma ba ta iya ƙarasowa ba, ta tsaya a hayin wani ruwan da ya yanke hanya ta yamma. Babbansu, wani Bazabarme mai gajeriyar Hausa, ya ratso ruwan har ƙirji ya hau tudun. Ya duba masu rauni ɗaya bayan ɗaya. Da ya ga hannun abokina ya ce a ɗauke shi yanzu. Da ya zo kan tsohuwar muka gwada ɗaga ƙyauren, sai jini ya fito mata ta baki. Ya ce a sauke.

"Wannan a bar ta ta huta. Mu kai waɗannan, mu komo da likita."

Abokina ya ce ba inda za shi. Sojan ya yi masa magana, dattijon ya yi, matarsa ta yi kuka, ya ƙi. Sai tsohuwar ta buɗe ido ta yi masa magana da Barbarci, gajeriya, da kaifi, irin muryar da ake yi wa yaro. Ya sunkuyar da kai. Ya sa goshinsa a kan hannunta, ya daɗe, sannan ya miƙe aka tafi da shi. Daga baya na tambayi matarsa abin da ta ce masa. Ta ce cewa ta yi ya tashi ya ba ta wuri, jininsa yana ɓata mata zane.

Ba ta kai dawowar motar ba. Ana kiran magariba a kan tudun, wani yana kira da muryar da ta dushe, matar abokina ta fito daga cikin zannuwan ta dube ni, ta girgiza kai.

Da safe muka yi jana'iza, ita da waɗanda aka samo a cikin ƙaya a ƙasan kwari, har da ɗan matar nan mai zanen goyo. A kan tudun aka haƙa, domin maƙabartar gari tana ƙarƙashin ruwa. Yashin ya jiƙe, yana rushewa ana gyarawa. Aka rasa itacen rufe kabari, duk abin da ke ƙasa ruwa ya tafi da shi. Na sauka gidan na tono zartona daga laka, na tattaro ragowar katakan rufin, na zare musu ƙusoshi, na yanka su daidai faɗin kabari. Hannuwana sun kumbura, zarton yana zamewa, dattijon nan ya riƙe mini ɗaya gefen. Sun isa nata, har aka rufa na jaririn da sauran.

Matar ta ce ba za ta iya gaya masa ba. Ni na tafi asibiti a Diffa. Na same shi a kwance, an ɗinke hannun an naɗe, ana ƙara masa jini. Ya dubi ƙafafuna da laka ta bushe a kai, ya dubi fuskata. Sai ya gane. Ya juya kai wajen bango, ya yi salati a hankali, ya daɗe bai juyo ba.

"Wa ya yi mata salla?"

"Limamin gari. Mutane da yawa sun tsaya."

"A ina?"

"A kan tudu, gabas da ƙayar nan. Ruwa ba zai kai wurin ba."

Ya gyaɗa kai. Na zauna a bakin gadon, abin da ya hana ni cin abinci tun jiya ya taso mini. Na ce masa ni na ce a bar ta a ɗakin. Na ce kuma fallaye uku na bari ban buga ba na sauko cin shinkafa, su suka fara tashi, ta nan iska ta samu ƙofa ta shiga ƙarƙashin rufin.

"Ni na kai ta ɗakin da hannuna," in ji shi. "Kai ka ce a bar ta, ni na ce to. Kwanon da ya sare ni kuma da ƙusoshi a jikinsa, jere. Na gan su kafin ya iso. Ba cikin ukun nan yake ba."

Ban sani ba ko ya gan su da gaske. A cikin wannan ƙura mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Ban sake tambayarsa ba, shi ma bai sake tayar da maganar ba.

Likitoci sun ceci hannun, amma yatsu uku ba sa rufuwa, kuma ba ya jin zafi ko sanyi a cikinsu. Da aka sallame shi, shi da matarsa suka zauna a gidana har ƙarshen damina. Ni ma na yi kwanaki ina zazzaɓi, yatsuna suka yi ruwa, na daɗe ban riƙe guduma ba. Aikin farko da na karɓa bayan na warke rufin wani shago ne a cikin gari. Ina sama wani ɗan girgije ya taso daga gabas, wanda ko yayyafi bai kawo ba, sai na sauko na zauna a ƙasa har ya wuce. Mai shagon yana ta faɗa.

Da ƙasa ta bushe na raka abokina ƙauyen. Muka hau tudun na nuna masa wurin. Ya tsuguna ya yi addu'a, ya gyara ƙayar da aka ɗora a kai da hannunsa na hagu. Bai kalli inda gidan yake ba. Ya miƙe ya ce mu gangara fadama.

Gonar tattasan babu ita. Kwarin ya kwaso yashin tudu ya shimfiɗa a kai, fari fat, ko kan shuka ɗaya ba a gani. Ya yi ta takawa yana auna wurin da ido, daga wata goruba zuwa bakin kogi, sannan ya tsaya ya buga ƙafa.

"Nan motopom yake."

Muka ari shebur biyu a wajen dattijon nan Bafillatani. Ya maƙale ƙotar tasa a hammata yana turawa da ƙafa, ni ina kwashewa. Ramin farko ba mu samu komai ba, na biyu ma haka. Sai wajen la'asar, a rami na uku, shebur ɗina ya bugi ƙarfe. Muka share yashin da hannu har kan injin ya fito, ya yi tsatsa, bututunsa cike da laka. Ya durƙusa ya kama igiyar tayarwa ya ja a hankali, ya kara kunne, ya sake ja.

"Bai kafe ba," in ji shi. "Kama can, mu kai shi gari a wanke."